Masu Karatu Sun Taso Ni Gaba Kan Labarin Boka da Aljani, In Sauya Ƙarshen?

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni sabuwar marubuciya ce daga Gwammaja. Na rubuta labari mai ban tsoro a kan wata uwargida da ta je wajen boka don a raba mijinta da amaryarsa. Bokan ya haɗa ta da aljani, abin ya wuce inda ta zata har ya fara taɓa 'ya'yanta. Littafi na ɗaya da na biyu sun fita, ina kan na uku. Tun daga nan wayata ba ta huta ba. Wasu na cewa na hana su barci, wasu na cewa ina tallar shirka, wasu na zagina wai na bar muguwa tana cin karenta ba babbaka ga baiwar Allah tana ta shan wahala. Wata ma roƙona ta yi in faɗa mata inda bokan yake. Me ya sa mutane suke ɗaukar ƙagaggen labari da zafi haka? In kashe muguwar da wuri in huta, ko in ajiye alƙalamin gaba ɗaya?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. In na fahimce ki, abu biyu ne suke damun ki: kina son sanin dalilin da ya sa labarin da kika ƙaga a ɗakinki ya tayar da ƙura haka, sannan kina son a ce miki ga yadda za ki yi da littafi na uku. Na yi shekaru ina ba da hayar littattafan Hausa a zauren gidanmu a cikin gari, daga baya na koma duba rubutun marubuta kafin su kai maɗaba'a, yau sama da shekara 20 ke nan. Ni ba malamar fatawa ba ce, ba kuma likita ba, sannan littafinki bai zo hannuna ba tukuna. A kan ɗan abin da kika taƙaita mini zan yi magana.

Dodo daban, aljani daban

Kin ce "ƙagaggen labari", kamar wannan kalmar ta isa ta kare ki. A garin nan ba ta isa ba. Ki tuna yadda kakanninmu suke mana tatsuniya da daddare. A fara da "ga ta nan ga ta nanku", a rufe da "ƙurunƙus", har mai bayarwa ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Tatsuniya da bakinta take gaya wa yaro cewa wasa ake. Dodo ya haɗiye gari guda, yaro ya maƙale jikin kakarsa, gari na wayewa ya manta, domin bai taɓa ganin an je jaje gidan da Dodo ya yi wa ɓarna ba.

Aljani kuwa sura guda gare shi a Alƙur'ani, ta 72. Sihiri an ambace shi a Baƙara aya ta 102, har aka faɗi ainihin abin da uwargidan labarinki ta je nema, wato raba miji da matarsa. Mai karanta littafinki ta ji wannan tun tana Islamiyya. Ita ce ake ƙwala wa kira ta shigo gida da magariba, ita ake hanawa zubar da ruwan zafi a makwarara ba bismilla, ita ake cewa kada ta zauna gindin tsamiya da rana tsaka. Garin da muke ciki ma da irin wannan tarihinsa ya buɗe, da Barbushe, jagoran masu bautar Tsumburbura a dutsen Dala, kafin Wangarawa su iso da addini zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Matan da suka yi makarantar kwana a tsakiyar shekarun 1990 ba su manta da abin da aka riƙa kira Sumbuka ba, lokacin da ɗalibai suka yi ta faɗuwa ana cewa shafar aljanu ce, rukiyya ta bazu a gari. Su ne iyayen masu sayen littafinki, wasunsu ma su ne masu sayen da kansu.

Aljani ba baƙo ba ne a littafin Hausa. Cikin littattafan da suka fito a 1934, bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, akwai aljanu a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma an yi ta karanta su a makarantu. Me ya sa ba sa hana mu barci? Aljanunsu suna can bangon duniya, sai jarumi ya yi doguwar tafiya kafin ya iske su. Ke kuwa kin ɗauko shi kin ajiye a tsakar gida, tsakanin ɗakin uwargida da na amarya, inda ake shanya kayan yara. Wadda take karantawa tana ɗaga kai sai ta ga tsakar gidansu. Shi ya sa ba a auna labarinki da ma'aunin daɗi kaɗai. Ana tambaya ne ko abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ko kin yi adalci.

Masu cewa kin hana su barci kada su dame ki, yabo ne suke miki. Lokacin da nake haya, littafin da ake dawo da shi ana cewa "wallahi ba zan ƙara ba" shi ya fi saurin yagewa saboda yawan hannu.

Masu cewa kina tallar shirka

Kada ki yi saurin cewa hassada ce. A Kano ana kallon marubuci ko dai mai gyara tarbiyya ko mai ɓata ta. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha tun 2001 take nan, kuma a 2007 an ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jiha na lokacin, A Daidaita Sahu. Wancan a kan soyayya da kunya aka yi ta ce-ce-ku-ce. Naki ya taɓa aƙida, ita kuwa ta fi komai zafi a zuciyar Bakano.

Ba da labarin mugun abu ba tallarsa ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu. Amma akwai wuraren da marubuta suke zamewa ba su sani ba, kuma masu karatu suna da gaskiya idan sun ɗaga murya. Wanda na fi cin karo da shi shi ne a bai wa boka ko aljaninsa sanin gaibu. An taɓa kawo mini rubutu inda boka ya ce wa mata ranar Laraba mijinta zai yi haɗari a hanyar Zariya, Laraba na yi ya yi, daidai wurin, daidai lokacin. Na ja layi da jan biro na rubuta a gefe: Suratu Saba'i aya ta 14. Aljanu sun ci gaba da wahalar aiki ga Annabi Sulaiman alaihis salam alhali ya rasu yana dogare da sandarsa, ba su gane ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Waɗanda ba su san wannan ba, ta ina za su san Larabar wani? Muka zauna da marubuciyar muka gyara. Muka sa bokan yana da wata tsohuwa da take kawo masa mata, ita take zama da su a gidan biki ta kwashe sirrinsu ta riga su isa wajensa. Mace ta shigo bai tambaye ta komai ba ya faɗa mata sunan kishiyarta, jikinta ya hau rawa. Labarin ya fi da ban tsoro, domin duk mai karatu ta san irin wannan tsohuwar. Ya kuma dace da abin da ya zo a hadisi, cewa gaskiya ɗaya suke samu su cakuɗa ta da ƙarya ɗari.

Haka ma fatalwa. Wasu suna kwaso ta daga finafinan waje, matacce ya taso ya ɗauki fansa da hannunsa. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya boko ba, jikarta ce take karanta mata bayan isha'i. Wata rana ta aiko mini da littafi tun ba a kai rabi ba, ta ce a gaya mini wannan abin ba na garin nan ba ne, wanda ya shiga kabari ya shiga ke nan sai ranar tsayuwa. Ki duba littafinki da idon wannan tsohuwar. Ki kuma kai wa malami ko malamar da kika amince da iliminsu babukan da bokan yake ciki su duba miki kafin ki buga na uku, domin hukuncin aƙida nasu ne.

Masu fushi don muguwa tana cin nasara

Nan ne zuciyar maganar. Bahaushe ya tashi da cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma wanda zai gina ramin mugunta ya gina shi gajere. Mai karatu ta biya kuɗinta tana jiran ta ga kwikwiyon nan ya cim ma mai shi. Ga kuma yadda muke fitar da littafi kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a bar mutum watanni a tsakani yana tafasa. Lambar wayarki na jikin bango, dole ta kira ta sauke a kanki.

Jinkirin sakayya ba laifi ba ne. Suratu Yusuf aya 111 ce, Allah ya kira ta mafi kyawun labari, kuma ki duba nisan da ke tsakanin rijiya da gadon mulki: sayarwa, bauta, ƙazafi, shekaru a kurkuku, mahaifi na kuka har idonsa ya yi fari. Amma a duk tsawon nan Annabi Yusuf alaihis salam ba a zaune yake ba. An rufe ƙofofi an kira shi ga saɓo ya ƙi. A kurkuku ya kira abokan zamansa ga tauhidi. Da ya samu iko a kan 'yan'uwansa ya yafe. A kowane mataki akwai zaɓi a gabansa.

A abin da na gani cikin rubuce-rubucen da suka bi ta hannuna, idan masu karatu suka ce "kin bar baiwar Allah tana wahala", sau da yawa abin da yake cin su shi ne baiwar Allahn ba ta yin komai sai kuka. Shafi 200 tana kan sallaya hawaye na zuba, ana yi mata, ana yi mata. Wannan ba nagarta ba ce da aka gwada, rashin ƙarfi ne kawai, kuma mai karatu tana jin haka ko ba ta iya faɗa ba. Nagartar amaryarki ba za ta bayyana ba sai ranar da aka miƙo mata irin makamin da aka yaƙe ta da shi. Ki sa gwaggonta, wadda ta raine ta kuma take son ta da gaske, ta shigo mata da daddare da ƙullin magani a bakin zani, ta ce: "'Yar nan, ba cuta za mu yi ba, ƙaiƙayi ne zai koma kan masheƙiya. Ɗanki ne fa yake kwance." Ki bar ƙullin ya kwana a ƙarƙashin matashinta. Ki bar mu mu ji yadda take juyi, tana tuna hadisin da ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba, tana kuma jin numfashin yaron. Abin da za ta yi da asuba shi ne yaƙin alheri da sharri a littafinki. Ƙahon aljani da jajayen idanunsa ado ne kawai a kan wannan.

Ki kiyayi wani abu da ya zama ruwan dare, wato malamin shafi biyar na ƙarshe. Ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba tun farkon labari, sai ga shi da farar jallabiya da gorar ruwa, ya tofa, aljani ya ƙwala ihu ya ƙone, shi ke nan. Ina mayar da irin wannan rubutun ga mai shi. Addu'a gaskiya ce, Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da azkar na safe da yamma su ne garkuwar mumini, kuma saboda girmansu ne bai kamata a mayar da su kamar maɓallin kashe fitila ba. Ki nuna su tun daga farko a bakin mai su, ranar da ta ga sauƙi da ranar da ba ta gani ba amma ta ci gaba.

Uwargidan kuma kada ki mayar da ita dodo. Mace ce da ta yi shekaru a gidan, wataƙila da ita aka tara abin da aka yi lefen amarya. Zafin da ta ji gaskiya ne, hanyar da ta bi ce ɓata. Idan mai karatu ba ta ga ranar da matar nan ta tsaya a ƙofar boka tana tunanin ta juya ba, za ta ɗauka mugaye wasu halittu ne daban, ba irinta ba. A Suratu Ibrahim aya ta 22, Shaiɗan da kansa zai ce ba shi da wani iko a kanmu, kira kawai ya yi muka amsa. Ki nuna mana amsawar. Mijin ma kada ki wanke shi da kalmar "sammu ne". Mun saba a littattafanmu namiji ya wulaƙanta mace ya hana ta abinci da kwana, a ƙarshe a tono laya a bakin ƙofa a ce ba yin kansa ba ne, kowa ya yafe. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ki nuna tsagar, ki nuna wanda ya yi ta.

To ina aka tsaya kan ƙarshen? Ajiye alƙalami ban goyi baya ba, domin barin labarin a inda yake yanzu shi ne ainihin barin muguwa da nasara, kuma waɗanda suka sayi na ɗaya da na biyu suna da haƙƙi a kanki. Kashe ta da wuri don wayarki ta huta shi ma ban so, za a ga ɗinkin a fili. Mutuwa ko hauka a bola su ne hukuncin da kowa yake bayarwa, har an daina jin su. Ke da kanki kin riga kin shuka hukunci mafi nauyi, tunda kin ce abin ya fara taɓa 'ya'yanta. Ki bi wannan zaren. Uwa ta zauna da hankalinta garau tana kallon abin da hannunta ya jawo wa ɗanta, kuma wadda ta cuta ce take taya ta jinya. Ko za ta tuba ko ba za ta tuba ba, wannan ke kika san ta, ni ban san ta ba. Idan ta tuba, kada tuban ya goge ɓarnar kamar ba a yi ba.

Wadda ta nemi inda bokan yake

Wannan ita ta fi tsaya mini a rai cikin duk saƙonki. A zauren hayar nan na taɓa karɓar littafi na ga an yage takarda ɗaya tak daga tsakiya. Na ɗauko wani kwafin na duba. Shafin da boka yake lissafa abubuwan da za a kawo masa ne, da inda za a binne, da lokacin da za a yi. Marubuciyar ƙagawa ta yi, amma wadda ta yage ba ta ɗauke shi ƙage ba. Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya kawo mini rubutu kada ya jera kayan haɗi, kada ya rubuta kalmomin surkulle, kada ya ambaci sunan ƙauye ko unguwa ta gaske a matsayin mazaunin boka. Ki nuna warin ɗakin, da duhunsa, da kunyar da matar ta ji da aka ce ta shiga da baya. Sauran ki bar shi a rufe. Idan a littafi na ɗaya ko na biyu akwai irin wannan shafin, ki cire shi a bugu na gaba.

Za ki kuma samu wasu da ba ki ambata ba, masu cewa "wallahi labarin gidanmu kika rubuta". Su ma ki yi hattara da su. Wata za ta karanta ta tashi ta ɗora wa kishiyarta ko uwar mijinta ciwon ɗanta, ko a nuna wata tsohuwa a unguwa a ce mayya ce, a raba ta da mutuncinta ba hujja. Yaron da yake faɗuwa yana kumfar baki yana iya zama farfaɗiya ce, kuma tana da magani. Wanda yake jin an danne shi cikin barci ya kasa motsi, abin da muke kira dannau, likitoci sun san shi. Mai jego da ta daina barci tana surutai tana bukatar a gan ta a asibiti da gaggawa. Akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, kuma zuwa can bai hana a yi addu'a ba. Zai yi kyau a littafi na uku a ga wani ya ɗauki yaron nan ya kai shi asibiti, a ga likita da mai addu'a kowa yana nasa ba gaba.

Ita kuwa mai neman bokan, in lambarta tana wayarki, ki kira ta. Ki zaɓi lokacin da kika san maigida ya fita, kamar hantsi. Kada ki fara da wa'azi, za ta kashe wayar. Ki gaya mata a fili cewa babu wannan bokan, ke kika ƙage shi, sannan ki tambaye ta me yake faruwa a gidanta, ki yi shiru ki saurara. Mafi yawan irinsu da na yi magana da su, ko an yi musu kishiya ba a kyauta musu ba, ko miji ya juya baya ba su da wanda za su faɗa wa. Ki tambaye ta ko tana da wa ko kawu da mijin yake jin nauyinsa, ko malamar Islamiyyar da za ta iya raka ta a yi zaman sulhu. In ta yarda, ki sake kiran ta bayan mako guda ki ji yadda suka kwana.